Naman Baƙi

Ranar Litinin da hantsi aka manna takardar a jikin ginshiƙin da ke tsakiyar layin mahauta, daidai inda Kailu yake rataye ƙarfen wasa wuƙarsa. Layi biyu ne kacal da Faransanci, da manyan baƙaƙe. Wanda ya manna ta bai ce wa kowa sannu ba. Ya shafe ta da tafin hannu sau biyu, ya wuce abinsa.

Kasuwar ƙarama ce, a bayan Adjamé Saint-Michel a Abijan, kuma teburan nama goma sha biyu ne a cikinta, dukansu na mutanen Nijar: na Tawa, na Madawa, na Ƙonni. Na uku daga bakin ƙofa shi ne na Kailu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tsaye a bayansa, har simintin wurin ya lotsa daidai ƙafafunsa. Da teburin ya aurar da 'ya'ya huɗu, da shi yake ci, kuma ba shi da wani abu a duniya da za a kira nasa in ba shi ba.

Kailu ba jahili ba ne, ko da yake a wannan gari haka ake lissafa shi. Ya sauke Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba, yana rubuta ajami mai kyau, yana ciniki da Julanci, yana faɗa da Faransancin kasuwa, yana iya zagin direban gbaka, motar haya, da yaren Baule. Abu ɗaya ne bai iya ba, karatun boko. Kuma duk abin da zai iya raba mutum da abincinsa a Abijan da boko ake rubuta shi.

Mansur aka kira, mai tebur na huɗu, abokin Kailu tun zuwansu, don shi ne mai ɗan haɗa baƙi. Ya goge hannu a gaban rigarsa, ya matsa kusa, ya bi layin da yatsa.

"Biyand... nama ke nan. Anterdit... an hana." Ya tsaya. Yatsan ya tsaya. "Foren."

"Mene ne foren?" in ji Kailu.

"Innalillahi." Mansur ya juyo ya dubi jama'a. "Shekara tara na yi a Kumasi kafin in zo nan. Foren shi ne baƙo. Wanda ba ɗan ƙasa ba. An hana naman baƙi."

Ba wanda ya ce a sake karantawa. Ba wanda ya ce a kira wani. Gaskiyar magana ita ce sun daɗe suna jiran wannan takarda. Sun ga zamanin katin zama, sun ga shekarun rikici lokacin da sunan uban mutum kan iya hana shi tsallake shinge, sun ga teburan da aka ƙone a wasu kasuwanni. Mutumin da aka shekara talatin ana tuna masa shi baƙo ne, ranar da aka ce masa tashi, ba ya tambayar dalili. Dalilin ya riga ya haddace shi.

Sun hau bene wurin mai kula da kasuwa, wanda suke kira jeran. Ma'aikacin wani kamfani ne da aka damƙa wa kasuwar bara, matashi mai farar riga da agogo mai nauyi. Duk cikinsu sunan mutum ɗaya bai sani ba. Aboki yake kiran kowa, kamar yadda 'yan gari suke kiran duk Bahaushe, kalmar da suka ara daga bakinmu suka wanke ta tas har babu sauran abota a ciki.

"Mushe jeran," in ji Mansur da Faransancinsa, "wai an hana baƙi sayar da nama?"

Jeran ya ɗaga kai ya dubi fanka. Ya daɗe yana dubanta.

"Kun ga takardar, ko? Arete ne, umarnin hukuma. Daga sama ya zo."

Daga nan ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu takardu, an riga an buga su, an riga an ƙidaya su goma sha biyu. Ya ce shi mai tausayi ne. Duk wanda ya sa hannu cewa ya bar teburinsa don ransa kafin azahar ɗin Juma'a, zai fita da firigonsa na sanyaya nama da sikelinsa lafiya, kuma a ba shi ɗan wuri a bayan kasuwa. Wanda ya jira Juma'a kuwa, shi bai san abin da masu zuwa za su yi masa ba.

Bayan kasuwa bakin kwatar ruwan ƙazanta ne. Kowa ya san haka. Ƙudaje ma can suke kwana.

"Ina dokar take, in gan ta?" in ji Kailu.

Jeran ya yi murmushi. "Za ka karanta, Aboki?"

"Za a karanta mini."

"Tana cikin jurnal ofisiyel. Je ka nema."

Kafin la'asar mutum biyar sun dangwala yatsa.

Jurnal dai jarida ce, wannan Kailu ya sani. Don haka Talata da safe ya bar teburin a rufe, abin da bai yi ba tun ranar da aka binne wansa, ya tafi bakin titi inda ake shanya jaridu a igiya mutane suna tsaye suna karanta kanun labarai kyauta suna gardama.

"Wacce kake so, tsoho? Ta ƙwallo ko ta siyasa?"

"Ofisiyel."

Mai jarida ya zaro wadda ta fi yabon gwamnati ya miƙa masa. Kailu ya saya, ya roƙi wani mai gyaran takalmi ya duba masa ita daga farko har ƙarshe. An buɗe gada, an rufe taro, wani minista ya yi murmushi a shafi uku. Babu nama. Sai wani dattijo mai jaka da ke jiran mota ya ji tausayinsa, ya ce masa wannan jarida ba a shanya ta a igiya, littafin gwamnati ne da ake buga dokoki a ciki, sai ya je Plato wurin ofisoshi.

Kwana ɗaya da rabi ya yi a Plato. A ofishi na farko mai gadi ya dubi rigarsa, ya shaƙi iska, ya ce ma'aikata suna taro. A na biyu wata mata ta saurare shi tana latsa waya, ta ce ba nan ba ne, hawa na huɗu. A hawa na huɗu aka ce hawa na biyu. A ofishi na uku ya samu mutum mai kirki, kuma shi ne ya fi ɓata masa rai, don ya ba shi kujera.

"Arete lamba nawa?"

"Ban sani ba."

"Na wace rana? Wa ya sa hannu? Minista? Gwamna? Magajin gari?"

"An ce daga sama."

"Baba, sama tana da faɗi. In babu lamba ban san inda zan buɗe ba." Ya tattara takardun gabansa. "Amma ka sani, a wurin shari'a ba a karɓar uzurin cewa mutum bai san doka ba. Ana ɗauka kowa ya sani."

"To a ina ake sanin?"

Mutumin ya buɗe hannuwa. "Ba dai a ofishin nan ba."

Kailu ya sauko matakala zuciyarsa tana tafasa. An ɗauka ya sani. An rubuta abu da harshen da ba a koya masa ba, an sa shi cikin jaridar da ba a sayarwa a titi, an ajiye jaridar a ɗakin da mai gadi ba ya barin mai ƙarnin nama ya shiga, sannan an ɗauka ya sani. Haraji kuwa bai taɓa ɓata hanya ba. Mai karɓar kuɗin tebur yana jin Hausa, yana jin Julanci, ranar karɓa har Zabarmanci yana ji.

Laraba bayan azahar ya tsaya a bakin ruwa yana duban Treichville a tsallake. Akwai mutum ɗaya da ya rage, kuma tun Litinin yake kauce wa tunaninta, don ya san bakinta. Ya shiga jirgin ruwa na haya, ya sauka a tashar Treichville, ya bi ta gefen babban masallaci zuwa layi na biyu a bayansa.

Adawiyya matar wansa ce marigayi. A nan aka haife ta, 'yar wani falken goro da ya yi abin da ba a saba ba ya sa ta makaranta. Shekara ashirin da takwas ta yi tana buga takardu a kotu kafin ta yi ritaya. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake, tabarau a kan hanci.

"Lale da mijina ƙarami! Ashe kana raye. Mahauci guda ya zo gidan matarsa hannu rabbana, ko ƙashin miya babu?"

"Yaya, ba wasa ya kawo ni ba."

"Na sani. Da wasa ne da ka zo da hanta. Zauna, kada ka faɗi mini a kan wake."

Ya cire hula. A cikinta takardar take, don da safe ya ɓamɓaro ta daga ginshiƙin ba wanda ya gani. Ya ba ta labari duka. Ta warware takardar, ta karanta, ta sake karantawa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta sarƙe, har maƙwabciya ta leƙo.

"Wane shehin malami ne ya fassara muku?"

"Mansur."

"Na Kumasi? Allah ya shirya Kumasi." Ta share ido da gefen mayafi. Sai kuma dariyar ta ɗauke kamar an rufe famfo. "Mutum nawa suka sa hannu?"

"Jiya da yamma bakwai."

Ta ajiye faifan waken a ƙasa a hankali.

"Saurara, Kailu. Foren ɗin Kumasi Turancin Ingila ne. Wannan Faransanci ne. A kunne ɗaya suke, a ma'ana ko maƙwabta ba su ba ne. Wannan kalma ba ruwanta da mai sayarwa, da saniya take magana. Naman da aka yanka a wani wuri, a wani gari ko a bayan gidan wani, aka shigo da shi, shi ake kira haka. Na buga ta ya fi sau ɗari a shari'ar masu ɗauko nama a bayan taksi. Naka a ina ake yanka shi?"

"A abatuwar, mayankar hukuma. Kullum."

"Da tampon likita, hatimin da yake bugawa?"

"Kowace cinya, kowace kafaɗa."

"To namanka ɗan gari ne. Ya fi jeran ɗin zama ɗan gari, don shi ba a duba cikinsa ba."

Kailu ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, wani kuma mai zafi ya hau ya maye gurbinsa.

"Amma bakina ba doka ba ne," in ji ta. "Ba wanda zai fasa cin teburinka don wata tsohuwa a Treichville ta yi dariya. Sai ka riƙe ainihin takardar a hannu. Kuma bari in tambaye ka, kai da kake taƙama da sana'a. In aka kawo maka cinya babu tampo, aka ce daga sama ta zo, za ka rataye ta?"

"Allah ya kiyaye."

"To ga shi an kawo muku doka babu tampo kun rataye ta a wuya. Dubi nan. Ina lamba? Ina kwanan wata? Ina sunan wanda ya sa hannu? Duk dokar gaskiya tana da ukun nan. Duk wanda ya ce maka doka ta ce, ka tambaye shi su. In ya kawo, ka sa a karanta maka sashe na ɗaya da na biyu, don a nan take faɗin da wa take, da kuma abin da kalmominta suke nufi. In bai kawo ba, takarda ce kawai, ka naɗe tsire da ita."

"Na tambaya a Plato. Sun ce sai da lamba."

"Wa ya aike ka Plato? Dokar nama tana hannun masu duba nama. Wanda yake aiki da doka kullum shi ne yake da ita a kusa. Gobe za mu je, amma ba da asuba ba, ni ba mahauciya ba ce."

Kafin ya fita ya kira Mansur a waya, ya faɗa masa komai, yana haɗa kalmomi don sauri.

"Kailu," in ji Mansur, muryarsa a gajiye, "mace mai buga tafireta ce za ta koya mini foren? Na ji kalmar nan a bakin soja a kan iyaka, da bindiga a hannunsa. Jeran ma bai musa ba."

"Bai musa ba, amma ya ce eh?"

"Wuraren baya suna ƙarewa. Saura na jikin masai."

"Ka jira ni zuwa gobe da la'asar. Don Allah, don zaman da muka yi."

Mansur ya ce to. Irin to ɗin da ake cewa don a ajiye waya.

Alhamis da hantsi suka isa mayanka, Adawiyya tana toshe hanci tana tsallake ruwan jini, mahauta suna tsokanar Kailu wai ya yi amarya bai gayyace su ba. Ta nufi ɗakin likitocin dabbobi kai tsaye. Ba ta ma kai ga ƙwanƙwasa ƙofa ba ta tsaya. A jikin bango, sama da famfon da ake wanke hannu, akwai allo mai gilashi, takardu a ciki sun yi ja don daɗewa.

"Kailu. Zo nan. A ina kake wanke hannu kullum?"

"A nan."

"Ɗaga kanka."

Shafi uku ne. Da lamba, da kwanan wata, da hatimi, da sa hannu. Shekara shida ke nan da fitowarta. Shekara shida yana sunkuyawa a ƙarƙashinta kowace safiya, yana kurkure baki, yana tofarwa, ita tana bisa kansa tana kare shi bai sani ba. Ashe ba sabuwar doka ba ce ma. Tsohuwa ce aka yanko layi biyu daga cikinta, aka zubar da sauran, kamar yadda ake yanko kitse a jefa wa kare.

Wata likita ta buɗe musu gilashin ba gardama, har ta yi mamaki da wani ya tambaya. Ta ce tun da aka kafa allon ba ta ga wanda ya tsaya a gabansa ba sai mai gyara hula. Aka ɗauko musu kwafi biyu a shagon bakin ƙofa.

"Gobe sai ki zo ki karanta masa," in ji Kailu.

"Ba zan zo ba."

"Yaya!"

"In na karanta, zai ce tsohuwa ta zo da rigima, ranar Litinin kuma ya manna muku wata. Teburina ne? Kai za ka karanta."

"Da wane idon?"

"Da wanda kake karanta wasiƙun Madawa. Samo alƙalami."

Suka zauna a benci a inuwar wani shago. Tana karanta sashe na biyu a hankali, gaɓa gaɓa, shi kuma yana kama sautin Faransancin yana ɗaure shi da baƙaƙen ajami a bayan takardar naɗe nama, daga dama zuwa hagu, da wasali da komai. Inda harafi ya ƙi, ya ƙirƙiro masa ɗigo. Ta sa ya maimaita sau bakwai. Ta ce lafazinsa kamar na akuya mai mura, amma alƙali zai gane.

Ya iso Adjamé la'asar sakaliya, ya tarar da tebur na huɗu babu kowa, an kankare shi, an ɗauke sikeli. Tun da safe Mansur ya hau bene, shi da wani. Tara ke nan. Saura uku: Kailu da wasu tsofaffi biyu da ba su sa hannu ba don kawai sun yi tafiya gaisuwar mutuwa, ranar suka dawo.

Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya Kailu ya saɓa cinyar saniya a kafaɗa ya hau bene. Tsofaffin biyu suna bayansa, bayansu kuma waɗanda suka riga suka sa hannu, sun biyo don su ga yadda za a yi da mai taurin kai. Mansur ne na ƙarshe, ya tsaya a bakin ƙofa.

Kailu ya sauke cinyar a kan teburin jeran, a kan takardunsa, gefen tampon yana sama, shuɗiyar tawada a kan farin kitse.

"Kai! Aboki, ka haukace?"

"Sunana Kailu. Arete ɗin da ka ce, lamba nawa ne?"

Jeran ya buɗe baki.

"Na wace rana? Wa ya sa hannu?" Ya ajiye kwafin a gefen cinyar. "Ga shi, na kawo maka, tun da kai ba ka da shi. Buɗe sashe na biyu ka bi ni, kada in yi kuskure."

Ya warware takardar naɗe nama, ya riƙe ta nesa da ido kamar mai karatun wa'azi, ya fara da ƙira'ar da ya saba:

"O sans di prezan arete, on antan par biyand foren..."

Ya karanta har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Jeran yana duban takardar hannun Kailu, rubutun da bai san ta inda ake fara shi ba, Faransancin gwamnati yana fitowa daga ciki. A karo na farko tun zuwansa kasuwar, an riƙe takarda a gabansa da shi ne bai iya karantawa ba.

Kailu ya juya wurin jama'a ya faɗa musu da Hausa: naman da aka yanka a wajen mayankar hukuma aka shigo da shi ba a duba ba, shi aka hana. Babu baƙo a ciki, babu ɗan ƙasa. Shafi uku, ko sau ɗaya ba a ambaci mutumin Nijar ba.

Jeran ya gyara agogonsa. Ya dawo cikin hayyacinsa da sauri, irin mutanen nan ba sa daɗewa a ƙasa.

"To ai ni ban ga matsala ba. Namanka yana da tampo, ka ci gaba da sana'arka. Wa ya hana ka?"

"Kai ka ce an hana baƙi!" in ji wani daga baya.

"Ni?" Ya dafa ƙirji. "Ni na ce baƙi? Ku tuna da kyau. Ku kuka zo da maganarku. Ni na ce arete ne, kuma ga shi, arete ne."

Suka tuna da kyau. Abin da ya fi ciwo ke nan. Bai faɗa ba. Fanka ya duba.

"A mayar musu da teburansu," in ji Kailu.

"Wane tebur? Sun bar su don ransu. Ga yatsunsu." Ya zaro takardun daga ƙarƙashin cinyar, jini ya ɗan taɓa gefensu, ya kaɗa su a iska. "Wannan kuwa da kwanan wata, da sa hannu, da komai. Tun da ka zama lauya, ka duba."

Kailu ya saɓa namansa ya sauko. Ya rataye cinyar a ƙugiyar tebur na uku, ya wasa wuƙa, ya yanka wa wata mata rabin kilo. Azahar ta yi, ta wuce. Masu zuwa ba su zo ba. Dama babu su.

Bayan sati biyu aka rushe tebura tara aka jera manyan firigogi farare. Naman kwali ake sayarwa a ciki, daskararre, wanda aka yanka a wata ƙasa a bayan teku, a shekarar da Allah kaɗai ya sani. Kailu ya tambaya, don yanzu ya koyi tambaya. Aka nuna masa takardunsu, da lamba, da kwanan wata, da sa hannu. Komai daidai.

Adawiyya ta ce yatsan da aka karɓa da yaudara ana iya ƙalubalantarsa a kotu, ta kuma faɗi inda wasu lauyoyi mata suke sauraron talakawa kyauta. Ta ce zai ɗauki lokaci. Mutum huɗu suka ce za su je. Biyu suka koma gida Nijar. Sauran suka ce baƙo ba ya kai ɗan gari ƙara, duk da an karanta musu, an fassara musu, babu inda aka rubuta haka.

Kailu ya sa kwafin a leda ya rataye shi a ginshiƙi, takardar ajamin a bayansa. Ranar wata Asabar ya zagaya bayan kasuwa. Mansur yana zaune a bakin kwata, a kan wani ɗan benci, da tire ɗaya na kayan ciki, yana kora ƙudaje da kwali. Ya rame. Kailu ya tsuguna kusa da shi.

"Ranar Talata za su je wurin lauyoyin. Na ce da kai za a je."

Mansur bai dube shi ba. Ya kaɗa kwalin sau biyu.

"Amma wallahi, Kailu, a Kumasi haka ake cewa."

"Na yarda," in ji Kailu. "Talata, ƙarfe takwas. Ka zo da takardar da ka dangwala wa yatsa, a karanta maka ita. Ko yanzu ba ka san abin da ke ciki ba."